Na je neman fen shara-shara a Katsina: ra'ayina kan gidan dashen nan na GRA bayan wata tara

Salam jama'a. Tun watan Agusta nake cewa zan rubuta wannan abu, sai na ce bari dai shukokin su ga hunturu su ga bazara tukunna, don a garin nan wanda ya yabi shuka da damina bai ce komi ba, da damina ko sanda ka kafa tana iya yin ganye. Yanzu wata tara kenan, wata ta mutu ta dawo, wasu na nan lafiya, saboda haka ina da bakin magana.

Wurin da nake nufi wani gidan sayar da furanni da dashe ne a cikin GRA, irin waɗanda za ka ga baƙaƙen ledoji jere a gindin bedi ana ba su ruwa da safe. Ba zan kama suna ba tunda akwai inda zan yi ƙorafi, kuma mai wurin dattijo ne da nake ganin girman shi ƙwarai.

Ni malamin bayoloji ne a sakandare. Duk shekara in an zo rabe-raben tsirrai da 'yan SS1 sai mun bi ta kan fen, tsiron nan da ba ya fure ba ya 'ya'ya, da wata ƙura mai kamar gari da ke fitowa a bayan ganyen shi yake yaɗuwa. In zana a allo, yara su kwafa, su haddace, su zuba a WAEC da NECO, su ci, alhali ba ko ɗaya a cikin su da ya taɓa sa shi a ido. Wallahi abin ya daɗe yana ci mani rai, yaro ya san sunan kowane sashe na tsiro amma in ka aje mashi shi a gaba ba zai gane shi ba. Ana haka ne ƙanena da ke karatu a Amurka ya turo mani wasu hotuna a WhatsApp, sun fita yawo wani daji a gabashin jihar Kentaki, ya ce Yaya ga irin kayanka. Hoton wani bangon dutse ne da ya yi rumfa kamar kogo, can ciki inda duhu yake wasu 'yan ganyayyaki kore shar suna reto daga rufin dutsen, ya haska su da fitilar waya, kana hango hasken ta cikin ganyen kamar ka ɗaga farar leda. Na daɗe ina kallon hoton nan, na zuƙo shi na mayar ya fi a ƙirga.

Turawa filmi fen suke ce mashi, ni kuma a aji fen shara-shara nake kiran shi kuma yara sun kama sunan. Dangin su a ilimin tsirrai Hymenophyllaceae ne, kala ɗaruruwa ne a duniya, mafi yawa a dazuzzukan da ruwan sama ba ya yankewa. Abin da ya sa ganyen yake shara-shara, kaurin shi ƙwayar halitta ɗaya ce tak in ka cire jijiyoyin. Ganyen mangwaro ko na bedi hawa-hawa ne, ga fata a sama mai kamar kakin zuma tana tare ruwa, ga 'yan ƙofofin numfashi da suke buɗewa su rufe. Shi wannan ba ya da ƙofofin nan ko ɗaya, fatar ma kusan babu, kai tsaye yake shan danshi daga iska kuma kai tsaye iska ke ƙwace mashi, shi ya sa in iska ta bushe nan da nan zai nannaɗe. To mi ya kai tsiro mai rauni haka ƙasar da ake ƙanƙara? Dutsen ne ke riƙe da shi. Dutsen yashi ne, wato rairayi ne da ya shekara miliyoyi a danne har ya manne ya zama dutse, yana da 'yan ƙofofi a jiki, ruwan sama na shiga ta sama ya yi ta tsattsafowa a hankali ta ƙasa duk shekara. Duwatsunmu na wajen Dutsin-Ma ba haka suke ba, su masu tauri ne, ruwa na sauka a kan su ya gangare ya tafi. Sannan inda dutsen ya fi laushi ta ƙasa sai ya zaizaye ya bar rumfa, cikin rumfar nan sanyi ba ya kai na waje, zafi ma haka. A gaban rumfar kuma ga tsohon daji na manyan itatuwan katako masu faɗin ganye irin su ok da bic da mapul, sun tare rana sun tare iska. Abu uku kenan suka haɗu, dutse mai tsattsafo, rumfa, da tsofaffin itatuwa. In aka sare itatuwan da ke gaban dutsen, ko ba wanda ya taɓa tsiron da hannu rana da iska za su shigo su gama da shi.

Har akwai wani a cikin su a can yankin tsaunukan Apalaciya da ko ganyen ma ya daina yi, ya tsaya a matakin farko na rayuwar fen, wasu 'yan zare-zare kore kamar auduga manne a tsagar dutse, wasu 'yan ɓarɓashi ke ɓallewa daga jikin shi su tsira gefe, a haka yake ci gaba. Ikon Allah kenan.

To da hoton nan a waya na fara zagaye masu furanni. Wurin farko da na tsaya yaron ko kallon kirki bai yi ma hoton ba ya ce akwai, ya ɗauko mani wani mai ganye sirara kamar gashin tsuntsu. Wannan da ake ce ma asfaragus fen ne, kuma suna kawai ya ara, yana fure yana 'ya'ya, ba shi da haɗi da fen ko kaɗan. Na yi godiya na wuce.

A wuri na biyu ne na samu Baba, dattijon mai wurin da nake magana a kai. Ya amshi wayar, ya sa tabarau, ya duba sosai, ya ce Malam a ina wanga ke tsirowa? Na yi mashi bayani kamar yadda na yi maku a sama. Sai ya miƙo mani wayata ya ce Malam ba ni da shi, ban taɓa ganin shi ba, in na ce zan kawo maka ƙarya nai maka, kuma abin da ke rayuwa a cikin raɓa ko an kawo shi ba zai kwana biyu a Katsina ba. Amma ya ce akwai 'yan uwan shi da yake samowa daga Jos da Abuja, in ba shi sati biyu. Wannan magana ita ta sa na zama kwastoman shi, mutum ga kuɗi a gaban shi ya ce babu. Kuma gaskiyar shi ce ta wani ɓangaren ma, irin wannan tsiro ba na ciro wa ba ne a kai kasuwa. A ƙarni na 19 da Turawan Ingila suka haukace da tara fen a gidaje, akwai wani ɗan dangin nan da ake kira fen ɗin Kilani, sunan wani gari a Ayaland, saura kaɗan masu tona su ƙarar da shi, yau doka ce ke kare shi.

Sati biyun ya zama uku da kwana biyu, kuma ba wanda ya kira ni ya ce an samu jinkiri, ni na yi ta zarya. Wannan ƙorafi na farko kenan, ƙarami ne amma a gyara, tura saƙo ɗaya ba ya cin komi.

Kala uku ya kawo. Akwai mai dogon ganye kamar takobi wanda ake yawan gani a otal-otal, 2,500 ya bar mani. Akwai wanda ganyen ke fitowa a zagaye kamar sheƙar tsuntsu, faffaɗa mai sheƙi, shi ne mai tsada, 7,000. Sai na ukun wanda ya fi kwanta mani, Adiantum, kara baƙi siriri kamar zaren waya, ganye ƙanana laushi kamar na zogale amma sun fi shi sirantaka, 4,000. Duk lafiyayyu, saiwa fara tas da na zare leda na duba, ba ƙwari. Ta wajen ingancin dashe ba ni da abin cewa, kuma in ka lissafa kuɗin mota daga Jos farashin bai yi yawa ba.

Akwatin gilas ɗin da na sa su a ciki don ya riƙe masu danshi ma ta hannun shi aka yi, ya haɗa ni da wani mai aikin gilas da alminiyam da suke hulɗa, tsawo kamar ƙafa biyu, da murfi, 35,000 har da kawowa. Dabarar tsohuwa ce, wani likita a Landan mai suna Nathaniel Ward ne ya gano ta a 1829, ya rufe ƙasa mai danshi a kwalba don wani ƙwaro da yake son ya ga ya ƙyanƙyashe, sai ga fen ya tsiro a ciki ya rayu shekaru ba a ƙara mashi ruwa ba, saboda ruwan da ya tashi yana taruwa a jikin gilas ya sake gangarowa. Aikin gilas ɗin ya yi kyau, an like shi sosai ba ya yoyo har yau. Murfin ne aka yanka da ɗan gibi ta gefe guda, kamar kaurin yatsa, da damina ban damu ba, amma da hunturu ya shigo ta nan danshin ke gudu, sai da na samo robar ƙofar firij na toshe.

Babban ƙorafina ƙasa ce. Ƙasar da suka cika akwatin da ita irin wadda suke sa ma mangwaro da gwaba ce, jar ƙasa da takin tumaki, mai nauyi. A cikin rufaffen gilas kwana goma ba a yi ba ta fara wari, farar fumfuna ta rufe sama, ƙananan ƙudaje suka cika ciki. Fen ba ya son taki mai zafi haka, wurin da yake fitowa ruɓaɓɓen ganye ne da gansakuka a kan dutse. Sai da na juye komi na sake da kaina, tsakuwa a ƙasa, gawayi dakakke a kai, sannan garin ɓawon kwakwa da yashi mai laushi da ɗan ruɓaɓɓen ganye da na zuba ma tafasasshen ruwa ya huce. A madadin dutsen yashi na sa fasassun jan bulo da katangar tsohuwar tukunya, su ma suna shan ruwa su riƙe. Da na koma na gaya ma Baba bai yi gardama ba, ya ce Malam mu abin da muka saba kenan, na gode da ka faɗa mani, har ya sa yaron shi ya rubuta haɗin a takarda. Ya kuma ƙara mani Adiantum ɗaya kyauta tunda na farkon ya sha wuya. Na ji daɗin hakan, amma duk wanda zai saya ya sani, kar ka bari a zuba maka ƙasar dashe a akwatin gilas.

Sun kuma sayar mani da 'yar na'urar nan mai fitar da hazo da ake jona ma wuta, 12,000. Ban ba kowa shawarar ta ba. Tana aiki in akwai wuta, to awa nawa ake samu, kuma da ruwan bohol ɗinmu cikin sati uku farin gishiri ya toshe ta, shi ma gilas ɗin ya yi fari-fari, bakin ganye ya fara ƙonewa. Kwalbar feshi ta hannu ta ɗari biyar ta fi ta amfani nesa ba kusa ba. Ruwan kuma na sama ne ya fi, Allah ya taimake ni na tari jarka huɗu a ƙarshen Satumba, da shi na yi ta lallaɓawa har yanzu saura ɗaya.

Hunturu bai ba ni wahala yadda na zata ba. A waje leɓe na tsagewa, ƙura ta rufe gari, amma cikin akwatin in ka duba da asuba gilas ya yi raɓa, 'yan ganyen sun miƙe. Sau ɗaya aka bar murfin a buɗe tun safe har la'asar a watan Janairu, na dawo na tarar da Adiantum ya bushe ƙayau kamar an soya, sauran biyun ko a jikin su. Na aske shi har ƙasa na ci gaba da feshi, bayan sati uku sai ga sababbin kai suna fitowa a nannaɗe kamar wutsiyar hawainiya. Ranar da na gan su na kira maiɗakina ta zo ta gani. To in wannan da ya fi fen shara-shara kaurin ganye ya yi haka a yini ɗaya, ku ƙiyasta shi shara-sharan.

Bazara ce ta kusa gamawa da ni. A Afrilu zafin garin nan na kai digiri 40 har ya wuce, rufaffen gilas kuma tukunya ce, ko ba rana a kai ɗakin kanshi ya isa. Ganye ya fara yin ruwan ɗorawa, na koma wurin Baba hankali tashe. A nan ne dattijon ya biya ni duk kuɗina. Ya ce Malam a gidanku akwai randa? Na ce akwai ta Hajiyarmu. Ya ce ka taɓa duba gindin ta? Wallahi sai na yi shiru, don tun muna yara mun san wurin, yashi jiƙe, sanyi, ga gansakuka kore a jikin randar ko da bazara. Ya ce can za ka kai shi. Ina hanya ina tunani, ai wannan shi ne dutsen Kentaki ɗin, jiki mai ƙofofi, ruwa na tsattsafowa a hankali, inuwa, ba iska. Irin dabarar da marigayi Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yi da tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana tumatir da alayyafo, wadda ta sa ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Shekara da shekaru ina koya ma yara cewa ruwa in yana tashi yana tafiya da zafi, sai ga mai dashe ya nuna mani inda zan sa karatun.

Na sayo randa biyu, na shimfiɗa yashi a lungun da rana ba ta kaiwa, akwatin a tsakiya, na lulluɓa mashi jiƙaƙƙen buhun algarara ta gefe uku na bar gefe ɗaya don haske. Safe da yamma ake jiƙa buhun. Cikin sati biyu launin ya dawo.

Saura abu ɗaya da ya faru a wurin wanda nake so su gyara da gaske. Wata rana na je na tarar da yaron Baba da almakashi yana yanke ganyen mai kamar takobin nan yana zubarwa, wai cuta ta kama su, ga ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa a bayan ganye, har ya haɗa maganin feshi. Na ce ƙanena tsaya, wannan ba cuta ba ce, irin shi kenan. Na nuna mashi yadda ɗigon suke a jere reras ta gefen ganye biyu, ƙwaro ba ya jera abu haka. Yaron ya ji kunya amma mai hankali ne, ya yi ta tambaya. Wurin da ke sayar da tsiro ya kamata ma'aikatan su san wannan, don nawa aka zubar kafin ranar.

Ganyen da ya yanke na kwashe na taho da su. Na sa su cikin farar takarda kwana biyu, ƙurar ta zubo kamar garin kirfa. Na tafasa gutsattsarin jan bulo, na jera a robar abinci mai murfi da ɗan ruwan sama a ƙasa, na barbaɗa ƙurar, na rufe na aje gefen randa. Kusan wata ɗaya ba komi, sai wani kore-kore kamar an shafa, wajen wata biyu sai ga su sun fito, 'yan faifai ƙanana ba su kai farcen ƙaramin yatsa ba, siffar zuciya. Wannan shi ne matakin farko na rayuwar fen da muke zanawa a allo, kuma gefen shi kaurin ƙwayar halitta ɗaya ne, daidai da ganyen da ke hoton ƙanena. Ban samu fen shara-shara ba, ba kuma zan same shi a Katsina ba, amma na ɗauki robar nan na kai aji, na ɗora guda a gilashin madubin ƙara girma, yara suka yi layi. Wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗago ta ce Malam ana ganin ɗakunan ɗaya bayan ɗaya, har da 'yan ƙwallaye kore a ciki. Sai da aka kaɗa ƙararrawa wasu ba su tashi ba.

To wa zan ce ya je wurin? Malaman kimiyya na makarantu, ku je, ku haɗa kuɗi ko da mai kamar takobin kaɗai ku saya, shi ya fi juriya, ko ba akwati yana rayuwa a inuwa in ana feshi. Mai son ado a falo da ke da lokacin kulawa shi ma ya je, ya fara da na sheƙar tsuntsu. Wanda yake yawan tafiya ko ba ya da mai jiƙa buhu safe da yamma, ya bar Adiantum, kuɗin shi zai ƙone. Ku je da safe kafin tara lokacin Baba na nan da kanshi, ku yi oda da damina don dashen ya kama kafin iska ta juya, kar a ɗauko maku a Keke Napep da tsakar rana ba rufi, ku haɗa ƙasarku da kanku, na'urar hazo kuma ku bar masu abin su.

Jiya na leƙa robar, biyu daga cikin 'yan faifan sun fitar da ganyen farko, ɗan mitsitsi a tsaye. In sun yi ƙwari zan dasa guda a leda in kai ma Baba, ya ce yana so ya ga fen ɗin da aka haifa a Katsina.